Barcin Wayar Baba

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, bayan masu gaisuwa sun ragu a kan tabarmin ƙofar gida, Baffa ya shiga ɗaki ya zaro wayar Baba daga aljihun rigar da ke rataye a bayan ƙyaure. Baffa ƙanin Baba ne. Tare suka yi shekara da shekaru suna saukar da albasa a Fatakwal, kuma daga wannan rana shi ne babba a gidanmu na unguwar Mile 2.

"Riƙe nan, Auta," ya ce. "Kai ne ɗan boko. Duk lokacin da yayanka ya bugo, ka ɗauka ka kawo mini. Kada ka faɗa masa komai. Ni zan faɗa."

Na ce to. Ni dama ba mai yawan magana ba ne, a aji ma kujerar baya nake nema.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Damina biyu ke nan da ya bi mota ta Agadas ya shiga Aljeriya, yana ɗaukar bulo a wuraren gini can bayan gari. Ba shi da takardun zama, saboda haka ba shi da layin waya. Sai ranar da ya samu shigowa gari yake roƙon wani ya ara masa waya, ya bugo ta manhajar kiran nan ta intanet, domin kiran ƙasar waje na yau da kullum ya fi ƙarfin aljihunsa. Kullum da sabuwar lamba. In ka bi lambar daga baya, wani Balarabe ne zai ɗauka ya yi ta magana da harshen da ba mai ji a gidanmu, ko kuma ta yi ta ƙara ba amsa. Lamba ɗaya tak Yaya ya haddace a duniya, ita ce ta Baba.

Baba bai so tafiyar ba. Bai hana ba, amma ranar da Yaya ya durƙusa yi masa sallama, "Allah ya kiyaye hanya" kawai ya ce, bai ɗago kai daga buhun da yake ɗinkewa ba.

Da muka kwana biyu, na yi ƙarfin hali na ce wa Baffa ko a bar wa Yaya saƙo a lambar ƙarshe da ya kira da ita, wataƙila mai wayar ya gan shi. Baffa ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"Mutuwar uba ce fa. Mu rubuta ta a wayar wani ƙato da ba mu sani ba, ya karanta ya manta, ko ya jefa wa yaro ita a tsakiyar titi? Baki da baki ake faɗa. A tambayi mutum ko yana zaune. A ce jiki ya yi tsanani. A bar shi ya numfasa. Sannan a ce sai haƙuri. Haka aka yi mana ranar da namu uban ya rasu muna Onitsha."

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Kiran farko ya zo bayan sadakar bakwai. Ina zaune a ɗakinmu da hantsi, wayar tana kan littattafaina, tsakanina da ita bai kai kamu ɗaya ba. Na buɗe ƙararta har ƙarshe. Ina karatu, ina jin injin tela da ke haya a shagon gaban gidanmu, ina jin ruwa na ɗiga a bokiti. Wayar ba ta ce uffan ba. Da na ɗauke ta don in duba ko azahar ta kusa, fuskarta na haskawa sai ga jan rubutu ya faɗo: an kira ba a ɗauka ba. Lambar Aljeriya. A ƙasa kuma ga saƙon murya.

"Salamu alaikum Baba, ni ne. Ina wuni, ya kasuwa, ya Inna? Na bugo ba a ɗauka ba. Lafiyata ƙalau. A gaida Auta, a ce ya rage cin takarda."

Na bi lambar nan take. Ta yi ta ƙara har ta gaji.

"Kana ina?" Baffa ya tambaye ni da yamma.

"Ina zaune kusa da ita, Baffa."

"Kusa da ita. Littafi ya toshe maka kunne ke nan."

Na san ba haka ba ne, amma ba ni da abin nunawa. Sai na tuna yadda Baba yake mita in ya dawo kasuwa, yana jujjuya wayar a hannu. "Yaron nan filashin yake yi mini. Ba ya jira a ɗauka. Ni ban taɓa jin ta yi ƙara ba, sai dai in ga ya kira." Daga nan sai ya danna, ya kai wayar bakinsa ya yi doguwar amsa, da nasiha da addu'a da labarin farashin albasa. Amsar takan tafi wayar aro, wadda ta riga ta koma aljihun mai ita.

Washegari na je wurin tela na roƙe shi ya kira lambar Baba ta manhajar. Ya kira fuskar wayar na haske, ta yi ƙara. Na kashe fuskar ya kira nan da nan, ta yi ƙara. Sai na ajiye ta a kan teburin yankansa, muka bar ta har ya gama kafa hannun wata riga, na ce ya sake kira. A tasa wayar muna jin tana shiga. Ta Baba kuwa tana kwance baƙa wuluk kamar dutse. Sai da na taɓa ta sannan jan rubutun ya fito. Na sa muka maimaita, na canza wurin ajiyewa, na gwada a aljihu, na gwada kusa da taga. Duk ɗaya. In ta jima ba a taɓa ta ba, sai ta yi barcin da kiran intanet ba ya tashin ta.

"Ka ga ikon Allah," in ji tela, da allura a bakinsa. "Ashe ita ma takaba ta shiga. Ba ta amsa wa maza."

Na kai ta wurin masu gyara. Wani saurayi mai tabarau a goshi ya shiga nan ya fita can, ya kashe wannan ya kunna wancan, ya miƙo mini.

"E dey sleep to save battery," ya ce. "I don off am, but this kind phone get strong head."

Nufinsa wayar tana yanke wa manhajoji numfashi ne don ta adana caji, ya hana ta, amma irin wannan tsohuwar ba lallai ta ji magana ba. Ba ta ji ba kuwa. Muka sake gwadawa da tela, ta amsa sau ɗaya, ta koma halinta. Mai gyaran ya ce in ina so a cire layin a sa a wata waya, sai dai tsofaffin saƙonnin za su iya salwanta. Tawa wayar ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar manhaja, amma Baffa ya ce zai nemo wata. Muna wannan magana a tsakar gida sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a hankali, irin yadda mai takaba take magana.

"Muryar malam tana ciki?"

"Tana ciki, Inna."

"To a bar ta yadda ya bar ta."

Hanya ɗaya ta rage, kada a bar fuskar wayar ta mutu. Na sa ta a mafi tsawon lokacin da take iya zama a kunne, wanda bai wuce a sha shayi kofi ɗaya ba. Kafin hasken ya dushe sai in taɓa ta da babban yatsa. Ya dushe, in taɓa. Tun daga fitowar rana har magariba, domin Yaya da rana yake shiga gari, dole ya koma wurin aiki kafin duhu.

Wanda bai yi wannan aikin ba zai ɗauka wasa ne. Fuskar da ba ta mutuwa tana shan caji kamar ƙasar rani, ga wuta a unguwarmu sai ta ga dama take zuwa. In an kawo, ina tsugune jikin soket ɗin ɗakinmu. In an ɗauke, ina kan bencin tela inda igiyar janareto ta ƙare, igiyar cajin kuma gajeriya ce, sai na karkata kamar mai ciwon haƙarƙari. Ina buɗe littafi a cinya, amma ban isa in gama sakin layi ba tare da idona ya koma kan wayar ba. Na karanta shafi guda na wani darasi har na haddace lambar shafin, ban san abin da ke cikinsa ba. Baƙin hayaƙin nan da ke sauka a kan komai a Fatakwal yakan rufe gilashin, in share da gefen riga, sharewar ma ta zama taɓawa.

Makaranta kuwa na daina zuwa. A manyan azuzuwanmu sabis ba ya shiga sosai, malamai ba sa son ganin waya a hannu, kuma ko kiran ya same ni a can, Baffa yana Diobu, can ɓangaren gidanmu. Abokan karatuna suka yi ta bugo ƙaramar wayata, ana gwaji ranar kaza, an raba aikin rukuni an sa sunana. Ina cewa ina nan tafe. Da safe nakan ga bas-bas suna wucewa ta bakin layinmu, kwandasta na rataye yana kiran unguwanni, ni kuma ina kan benci da yatsa a kan gilashi.

Mu biyu ne a tsare a gidan. Inna tana cikin takabarta, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba hira da namijin da ba muharraminta ba. Shi ya sa ba za ta iya ɗaukar kiran ba, don sau da yawa mai wayar ne yake fara magana kafin ya miƙa wa Yaya. Amma in zan shiga wanka nakan kai mata. Sai ta ajiye ta a kan dardumarta, carbi a hannun dama, ɗan yatsan hagu yana jiran haske ya dushe.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tun da na yi wayo. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan", kuma ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Duk tsawon kwanakin nan ba ta taɓa ce mini ya kira ko bai kira ba. Tambayarta ɗaya ce, safe da yamma, daga bayan labule:

"Auta, akwai caji?"

Kira na biyu ranar Juma'a ya zo. Na tafi masallaci da wayar a aljihun gaba, ina taɓa ta a ɓoye har liman ya hau mumbari. Daga nan kunya ta kama ni, ga dattawa a kowane gefe, na cire hannu. Aka yi huɗuba, aka yi salla, aka yi addu'a mai tsawo. Ina fitowa ina neman takalmina na zaro ta. Jan rubutu. Da saƙo.

Wannan karon muryar Yaya ba wasa a cikinta.

"Baba, na gane. Tun da na zo nake bugowa, ko sau ɗaya ba a ɗauka ba. In fushin tafiyata ne, don Allah a yafe mini. Aiki ya ƙare a nan. Akwai yaran da za su wuce gaba, bakin teku, sun ce in zo mu tafi. Zan sake shigowa gari kafin su tashi, zan gwada sau ɗaya. In ba a ɗauka ba, na ji amsata, ba zan ƙara damun kowa ba."

Na kunna wa Baffa a tsakar gida, na rage ƙara, amma gidan haya ba shi da sirri. Labulen Inna ya motsa, ya tsaya. Baffa ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Dukanmu mun san abin da bakin teku yake nufi. Akwai gida biyu a layinmu da 'ya'yansu suka hau ruwan nan, har yau ba a yi musu ko sallar gawa ba, don ba a san me za a ce ba.

Daga ranar, in zan yi salla Inna ce ke riƙe wayar, in ta tashi tata ni ke riƙewa. Ba mu ƙara yin salla lokaci ɗaya ba. Baffa ya rage nisa, yana wuni a rumfarsa ta kusa, ya ce in ta yi ƙara in rugo ko ba takalmi.

Sai ranar Laraba ta zo, ranar cin kasuwar Oil Mill. Motar albasa ta iso daga arewa tun daren jiya, kuma albasa ba ta jiran kowa a wannan damshin, kwana biyu ta fara tsiro. Baffa ya tsaya a ƙofa yana shawara da kansa, ya ce zai je ya sallami kaya ya dawo kafin azahar. Ruwa ya tsuge bayan fitarsa. Wuta ba ta zo ba tun jiya, man janareton tela ya ƙare, yaron da ya aika gidan mai bai dawo ba. Na dawo ɗaki na zauna a bakin ƙofa ina kallon alamar caji ta koma ja. Na rage hasken fuskar har sai na kara hannu nake ganin ta.

Ta yi ƙara a tafin hannuna.

Na yi makonni ina jiran wannan ƙarar, amma da ta zo sai da na kusa yar da wayar. Na danna. Wani ya yi magana da Larabci, aka yi ƙugi-ƙugi, sannan:

"Baba? Baba, salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam. Ni ne, Yaya."

"Auta? Kai, ɗan boko! Yau an ga dama an ɗauka. Ina Baba? Ba shi, yi sauri, mai wayar yana tsaye a kaina."

"Ina zuwa, Yaya. Kada ka kashe. Don Allah kada ka kashe."

Da ɗaya hannun na lalubo ƙaramar wayata na kira Baffa. Ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar ruwa a kan kwano. Na ce ga shi a layi. Ya ce in riƙe shi, ga shi nan tafe. Amma duk wanda ya san cunkoson hanyar Aba, wadda ta bi ta kasuwar, ranar Laraba, ga ruwa, ya san ko da fiffike Baffa ba zai iso ba. Na ce ko in haɗa wayoyin biyu baki da baki ya yi masa magana. Baffa yana ta "Me? Me ka ce?" har layin ya yanke.

"Auta, wasa kake da ni? Ina Baba?"

Na ɗaga kai. Inna ta ɗage labule tana tsaye, fuskarta ba kwalli, mayafi har goshi. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Faɗa masa," ta ce. "Yadda Baffanka ya ce."

Na gyara riƙon wayar. Ni da ko gaisuwar mutuwa in na je sai in ɓuya a bayan manya.

"Yaya, kana zaune?"

"Zaune kuma? A bakin shago nake. Me ya faru?"

"Ka samu wuri ka zauna."

Na ji motsi, na ji numfashinsa ya canza.

"Na zauna."

"Jikin Baba ne ya yi tsanani."

"Tun yaushe? Yana asibiti? Wane asibiti? Auta, yi magana mana!"

Baffa ya ce a bar mutum ya numfasa. Na bar shi, ina kallon jan layin caji, ina jin ruwa na zuba daga indararo.

"Yaya, sai haƙuri."

Na ɗauka layin ne ya yanke. Can sai na ji yana salati, yana maimaitawa, muryarsa tana karyewa. Ya tambayi ranar, na faɗa masa. Ya tambayi wanda ya yi masa wanka, na ce Baffa da liman. Sai ya ce abin da na san zai ce.

"Da fushina ya tafi."

"A'a, Yaya. Wayar ce. In ta jima a ajiye barci take yi, kiranka ba ya tashin ta. Bai taɓa jin ƙararta ba, shi ma cewa yake kai ne ba ka jira. Duk saƙon da ka bari ya amsa. Suna nan, muryarsa tana nan, yana sa maka albarka."

"Kana faɗa ne don ka lallashe ni."

"Wallahi na gwada da wayar tela. Na gwada a tebur, na gwada a aljihu..."

Ban ƙarasa ba Inna ta miƙo hannu. Ba ta tambayi ko mai wayar yana kusa ba. Ta kara ta a kunne, ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har sai da ya yi mini kamar sunan wani baƙo.

"Ubanka ya yafe maka tun motarku ba ta bar tasha ba, a gabana ya faɗa. Ka ji? Ban yarda ka hau ruwan nan ba. Ka juyo."

Daga inda nake ina jin muryarsa ƙanƙanuwa a cikin wayar. "To, Inna. To, Inna." Ta ce ya nemi waya ranar Juma'a bayan an sauko, za mu jira. Ya sake cewa to. Tana cikin yi masa addu'a fuskar wayar ta yi baƙi, cajin ya ƙare. Inna ta ci gaba da addu'ar har ta kai ƙarshe, ta shafa, sannan ta miƙo mini ta saki labule.

Baffa ya iso bayan la'asar, jiƙe sharkaf, wandonsa duk taɓo. Bai zauna ba.

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa, Baffa."

"Ka ce ya zauna?"

"Na ce."

"Ka fara da jiki?"

"Da shi na fara."

Ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "To," ya ce. "Allah ya yi maka albarka." Ya nemi buta.

Da aka kawo wuta na sa wayar a caji, na bar fuskarta ta dushe ta mutu ina kallo. Yatsana ya tashi da kansa, na mayar da shi. Washegari na goge takalmina, na haɗa littattafai, na ɗora wayar a kan kanta kusa da carbin Baba. Juma'a sai gobe. Na yi wa Inna sallama daga tsakar gida, ta ce a dawo lafiya. Har na kai zaure na ji muryarta a bayana.

"Auta, akwai caji?"

Na dawo na duba, na ce mata a cike take. Ta miƙo hannu ta gefen labule, na ba ta.